Kartin Madubi da Diskin Inna

Da sallar layya da ta wuce, Sa'adu, kana zaune bakin tabarmata kana gyara mani waya, ka yi wata magana wadda ba ka san ta shiga jikina ba. Ka ce kai har yanzu ba ka gane yadda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, za ta cinye diski ba, tunda a wurin aikinka na Yamai kuran yana ɗaukewa kullum, kuma ba ku taɓa ganin haka ba. Na ce maka injinan da ba kamar na yanzu ba ne, munka bar zancen. To, kai ke da gaskiya. Ba kuran ya ci muryar kakarku ba. Uwarku ce ta faɗa maku haka kuna ƙanana, ni kuma na yi shiru, shirun ya yi tsawo. Ina son in rubuta yadda abin ya faru tun idona yana gani, kai da ƙannenka ku karanta.

Kun san halina, ba ni iya barin abu a rufe. Tun ina mushen lakkol, wato malamin makaranta, a ƙauyukan da ke tsakanin Filinge da Bonkuku nake yawo da rediyo mai kaset cikin jikka. In an tashi yara, sai in nemi tsoho in zauna gabansa. Na ɗauki masu ginar rijiya suna faɗin yadda suke gane inda ruwa yake kusa, na ɗauki makiyaya suna kiran shanunsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, na ɗauki tsofaffin mata suna waƙar daka. Ba wanda ya sa ni, so nake in ji kawai. Inna kuwa, mahaifiyata, sai da na shekara ina lallashinta kafin ta yarda. Da ta yarda ta cika mani kaset huɗu: waƙoƙin niƙa na gidansu, sunayen kakanninta har inda ta iya tunawa, da labarin shekarar yunwa da sunka rayu da anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu.

Kaset ba ya son zafin ƙasarmu. Zaren yana mannewa, wani ya tsinke, gara kuma ta samu kwali guda. Allah ya taimake ni da wata ƙungiya mai biro, wato ofis, a Filinge, wadda ma'aikaciyarta ta yarda ta riƙa juye mani su cikin ordinatar, wato kwamfuta, duk lokacin da aiki ya yi sauƙi. Wasu kaset ɗin, har da na Inna, wannan juyin shi ne wucewarsu ta ƙarshe, suna gamawa zaren yake lalacewa. Inna ta rasu ana cikin wannan aiki. Sai ga shekarar da sojoji sunka sake hawa mulki, damana ta baya kuma ba ta yi kyau ba, rumbuna sun yi haske tun kafin bazara. Masu ba ƙungiyar tallafi sunka janye, anka rufe biro. Ranar da suke loda kaya za su Yamai, shugabansu ya sa anka ciro mani diski biyu daga cikin injin, ya ba ni a hannu. Kowanne bai fi tafin hannu ba, amma da nauyi kamar dutsen niƙa ƙarami. An liƙa takarda a bayansu, ɗaya an rubuta maza, ɗaya mata. Shekaru ashirin na yawona, ga su cikin aljihun riga biyu, ba ni kuma da abin da zan ji su da shi.

A lokacin na aje aiki, ina da lokaci. Na ce zan haɗa injina da kaina. Akwatin ƙarfen wani tsohon ɗalibina ya ba ni, allon gilashin na samu wurin wani mai buga takardu, babban faifan ciki kuma, wanda ake ce ma kart mer, na yi saƙonsa sabo daga Yamai tare da wani ƙaramin diski na tada injin. Wata biyu ina zaure da littafin Faransanci a buɗe, ina ɗaure kusa ina kwancewa. Ranar da fankar ciki ta juya, rubutu ya fito a gilashi, na fito tsakar gida ba takalmi ina kiran uwarku. Murnar ba ta daɗe ba. Da na ɗauko diskin mata in liƙa, na tarar shi igiya mai faɗi yake so, mai ruwan toka, kamar ɗamara, sabon faifan nawa kuwa ƙananan ramuka gare shi na siririyar jar igiya. Na duba ko'ina, babu wurin mai faɗin. Sannan littafi ya ce haƙoran da ke bayan irin wannan diski arba'in ne, ni kuma na ƙirga sau uku ina samun talatin da tara. Na duba na maza, shi ma haka. Kwana biyu ina tunanin yadda anka yi haƙori ɗaya ya karye a kowanne, kuma a wuri ɗaya.

Anka ce mani in tafi wurin Himu, wani Bazabarme mai shago bayan babbar kasuwar Yamai, wanda ya yi gyaran injinan waya na gidan waya kafin ya koma kan ordinatar. Diskokin na bar su gida cikin akwatin uwarku, don ina tsoron girgizar mota. Abin da na tafi da shi zane ne, na zana faifan nawa a takardar kaye, littafin rubutun yara, kowane rami da launinsa da tsawonsa. Himu dattijo ne kamata, gajere, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Na faɗa mashi zancen tsoffin diskina biyu da muryoyin da nake son ji, ya daɗe yana kallon zanen.

"Alfa, kai ka zana wanga?"

Alfa shi ne malam a bakin Zabarmawa. Na ce ni ne.

"To ka hutar da ni. Masu zuwa nan cewa suke injina baƙi ne, shi ke nan. Ka ga farin ramin nan mai tsawo? Nan kartinka za shi zauna. Gajeren baƙin nan ka bar shi, ba naka ba ne."

Na tambaye shi zancen haƙorin da ya ɓace. Ya yi dariya har ya sauke tabaran goshi, ya ce da gangan masu ƙira sunka cire shi, don kada mutum ya soka igiya a juye. Ya nuna mani wata ƴar hula baƙa, ba ta kai ƙwayar wake ba, da ake matsarwa a bayan diski don a nuna wane ne ubangida wane ne bawa in sun haɗa igiya ɗaya. Na ce ashe har cikin injin an kai wannan magana. Ya ce in ka sa iyayengiji biyu a igiya ɗaya, babu wanda zai yi magana cikinsu.

Sannan ya ɗora karti biyu a kan teburi. Karti wani ɗan faifai ne kore, da gefe mai ruwan zinariya da ke shiga ramin babban faifai, da bakuna a sama inda igiya mai faɗi take kamawa. Na farko ba shi da kwalliya. Himu ya ce aikinsa ɗaya ne, ya buɗe ma injin hanya ya ga tsohon diski, abin da ke ciki ka gan shi kamar yadda yake. Na biyun ya fi tsawo, ƙwaƙwalwar da ke tsakiyarsa ta fi girma, kuma ya fi tsada. Shi wannan, in ji shi, yana da nashi hankali, yana tashi tun kafin injin ya gama farkawa, kuma yana iya sa diski biyu su zama madubin juna. Duk abin da anka rubuta a ɗaya, nan take yana cikin ɗayan. In guda ya mutu, ba ka rasa komi ba.

"Nuna mani," na ce.

Ya kashe injinsa, ya buɗe ciki, ya ciro diski ɗaya ya aza mani a cinya, da ɗuminsa. Ya sake kunnawa. Takardunsa duka suna nan, hoton jikarsa ma yana nan a gilashi, ga kuma diskin a cinyata. Ku da kunka tashi cikin waɗannan abubuwa ba za ku gane abin da na ji ba. Ni mutum ne da ya ga zaren kaset yana tsinkewa da muryar wanda ya mutu a ciki. Na ɗauki kartin na kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ina bin siraran layukan da ke jikinsa da ido, ina son in gane ta ina magana take rabuwa biyu.

"Alfa, in don ka ji muryoyinka ne, ƙaramin ya ishe ka," Himu ya ce daga bayana. "Shi ba ya taɓa komi. Babban kuma sai mai diski na banza. Na biyun naka babu komi ciki, ko?"

Na ji tambayar. Ba zan ce maku ban ji ba. Amma hankalina yana kan layukan nan, sai na ce, "To, to," kamar yadda mutum yake amsa gaisuwar da ta wuce shi. Wani ya shigo da firinta a kai, Himu ya juya wurinsa. Na biya babban, ya naɗe mani shi cikin leda mai ƙyalli.

A hanyar komowa, bayan Baleyara, sojoji sun sa shinge, anka sauke mu ana duba kaya. Wanda ya buɗe jikkata ya ciro ledar ya zare kartin.

"Baba, wanga mi ne ne?"

Na fara yi mashi bayanin madubi. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce shi dai ya taɓa shiga jirgi sau ɗaya, kuma haka Yamai take daga sama, da tituna da gidaje. Ya nuna babbar ƙwaƙwalwar ya ce ga fadar shugaban ƙasa nan. Munka yi dariya, ya maida mani da hannu biyu. Har Filinge ina jin daɗin kaina.

Washegari bayan la'asar, da kuran ya dawo, na soka kartin cikin farin ramin, na ba kowane diski igiyarsa, na kunna. Uwarku tana bakin ƙofar zaure da faranti tana tsinke zogale. Kamar yadda Himu ya faɗa, kartin ya riga kowa magana, sai dai da Ingilishi yake yi, ni kuwa Faransanci anka koya mani. Na ɗauko ƙamus. Na gane wurin da ya ce madubi, na zaɓa. Sai ya nemi in nuna mashi diski biyu da sunaye biyu. Kalmar farko iri ɗaya ce da ta Faransanci, wato mafari, inda abu yake ɓuɓɓugowa. Ta biyun ƙamus ya ce abin da maharbi yake aunawa. Na yi tunani irin na mushe, wanda ya saba yara su yarda da fassararsa. Na ce abin da ake aunawa ai shi ne abin da anka fi so, abin da anka zo dominsa. Ni kuwa domin Inna na yi wannan tafiya. Na sa diskin maza a mafari, na sa na mata a wurin da ake aunawa. Ya sake yin wata tambaya da dogon rubutu. Ban buɗe ƙamus ba, na danna na'am.

Wata lamba ta fito tana hawa, ɗaya, biyu, uku. Diskokin suna ƙara a hankali kamar ana tauna gero. Na jingina da bango ina yi ma uwarku bayani, cewa daga yau ko ɗaya ya mutu muryar Inna tana nan cikin ɗayan. Ta ci gaba da tsinke ganyenta, ba ta ɗago ba. Lambar ta wuce ashirin.

"Malam, ba kai ka ce mani duk biyun cike suke ba?"

Na ce cike suke.

"To in wanga za shi zama awa wancan, abin da ke cikinai ina za shi tahi?"

A wurin amsar sai muryar Himu ta faɗo mani, na biyun naka babu komi ciki, ko? Lambar tana talatin da ɗaya. Ban san yadda ake tsayar da shi ba, kuma ban tsaya nema ba. Na kama igiyar kuran na fizge ta daga bango, har akwatin ya matsa. Fanka ta yi shiru. Uwarku ta aje farantin, ta dube ni, ta dubi igiyar a hannuna.

Da na sake kunnawa, diskin maza lafiyarsa lau, masu ginar rijiya suna magana kamar jiya. Na mata kuwa injin ya ce bai san shi ba, har yana tambayata ko in yarda ya share shi ya zama sabo. Ina zaune a wurin kunka shigo daga lakkol, kunka taru a kaina, don na yi maku alkawarin za ku ji kakarku ranar. Uwarku ce ta tare ku.

"Kuran ya ɗauke ana cikin aiki, ya ɓata na Inna. Ku bar babanku ya huta."

Abin da ya fi yi mani nauyi ba ku ba ne, gwaggonku Hawwa ce, yayata. Na aika mata tun kafin in tafi Yamai cewa ta zo ranar kasuwa ta ji uwarta. Ta zo a amalanken jaki daga ƙauye, da ƙwaryar fura, ta sa zanenta na biki. Ta shiga zaure ta zauna gaban gilashin ta gyara lulluɓi kamar mai jiran baƙo. Na faɗa mata abin da uwarku ta faɗa maku. Hawwa ta ce, "Allah bai nuhwa ba, ƙanena. Kai ka yi naka." Ta dama mani furar da hannunta. Na sha. Hawwa ta rasu bayan shekara uku tana zagin kamfanin kuran duk lokacin da anka ambace shi, ban taɓa gyara mata ba.

Na koma wurin Himu, wannan karon da diskin a ɗaure a cikina da rawani. Na faɗa mashi komi, har da to, to ɗin da na yi mashi. Bai yi mani faɗa ba. Ya tambaye ni lamba nawa ta kai, na ce talatin da ɗaya. Ya ce to kashi ɗaya cikin uku ya tafi, muryoyin maza sun hau kansa, kuma da shi anka tafi da shafin da ke faɗin sunan kowane abu da inda yake. Amma sauran yana nan kwance, sai dai ba suna. Ya ce da na bari ta kai ɗari da babu zance. Ya ɗauko ƙaramin kartin nan da na raina, ya liƙa diskin da shi, ya sa wani aiki da ke bin diski taki-taki yana tsinto duk abin da ya yi kama da murya. Kwana huɗu yana yi, ni ina kwana gidan wani ɗan'uwa ina dawowa kowace safiya in zauna in kalli lamba. Ya juye abin da anka samu cikin sabon diski. Gutsattsari ne, wasu minti goma, wasu ba su kai numfashi biyu ba, kowanne da lamba a maimakon suna. Na tambaye shi ko na Inna suna ciki. Ya ce shi bai san muryarta ba, wannan aikina ne.

Damanar nan duka na yi ta ina saurare. In na dawo gona in yi wanka, in zauna in buɗe lamba ta gaba, in rubuta a kaye ko wace ce. Da yawa na gane su. Ga tsohuwar Bonkuku mai waƙar daka, ga wata Bafulatana tana faɗin yadda ake gane saniya za ta haihu. Wasu sai uwarku ta leƙo ta ce ai wance ce, matar wane. Kaset huɗun Inna su anka fara juyewa a biro, don na fi ɗokinsu, saboda haka suna farkon diski, daidai inda madubi ya bi. Ko ɗaya bai tsira ba. Na san haka tun tsakiyar damana, amma na ci gaba da buɗe lambobin, don aƙalla sauran matan su samu sunayensu.

Ana gab da yankan gero na kai ga wani guntu na wata maƙwabciyarmu mai ginin tukwane. A tsakar gidanmu na ɗauke ta, shekarun baya, tana bayanin inda take ɗebo yumɓu da abin da take haɗa shi da shi. Ana jin kaji, ana jin wani yana jan guga. Tana tsakiyar magana sai wata murya ta taso daga nesa, daga wajen murhu, da ɗan faɗa a cikinta.

"Kai, Ɗan-Ladi! Kashe abin ga ka taho ka ci tuwo, ya huce. Maganar tukunya ba ta ƙarewa."

Ba wanda yake kirana Ɗan-Ladi sai ita. Sai anka ji mai tukwane ta yi dariya, anka ji ni ina cewa, "Ina zuwa, Inna," sannan ƙarar maɓalli.

Na maida shi baya na sake ji. Na kira uwarku, ta zo da hannu duk gari, ta tsaya bakin ƙofa. Na sake sa mata. Ta saurara har ƙarshe, ta goge ido da bayan hannu.

"Kuma ba ka tahi ba," ta ce. "Ina nan ranar. Sai da ta aiko ni na ɗauke maka rediyon."